Wa Muke Kira Mai Laifi a Labaranmu?



A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife a kogin Shagari da mutanen ƙauyen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu. Itace suka fita nema. A watan Mayun 2023 kuma yara 15 daga Dandeji, galibinsu mata, suka nutse a ƙaramar hukumar dai, su ma itacen girki ne ya fitar da su. Jaridu sun kawo labarin, har na ƙetare. Aka ce hatsari, aka yi ta'aziyya, zance ya wuce.

To a ce yau an kama yaro da akuyar sata a kasuwar Boɗinga. Kafin 'yan sanda su iso wayoyi goma sun ɗauki fuskarsa, kafin magariba Facebook da WhatsApp sun gama yanke masa hukunci. Wannan shi ne laifi a idonmu, don yana da fuska, kuma fuskar ta talaka ce. Waccan mutuwar kuwa ba ta da mai ita. Ba mu ja da ƙaddara, Allah ya jiƙansu. Amma gidan da ke da tukunyar gas ba ya tura 'yarsa ta tsallaka kogi don itace, a cunkushe cikin jirgi ba rigar kariya.

Mu marubuta mun sha wannan karatu mun haddace. Ku duba gajerun labaran da muke turawa gasa: ɓarawo kullum ɗan shaye-shaye ne mai jajayen idanu, ɗan bindiga dodo ne da ya faɗo daga daji ba uwa ba uba. Wanda ya cinye kuɗin rijiya ko na ajin makaranta kuwa, in ma ya fito, sai ya fito a matsayin mahaifin jaruma mai gidan bene.

Tun 1939 wani masanin zamantakewa a Amurka, Edwin Sutherland, ya nuna cewa akwai laifin da masu mutunci ke aikatawa daga kan kujerar aikinsu, wanda ɓarnarsa ta fi ta ɓarawon titi amma ba kasafai ake kiransa laifi ba. Mu sai mu ce laifin masu babbar riga. Ba ma sai mun je Amurka ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa ta ƙasar Boɗinga kafin ya koma Sakkwato a 1815, da ya zo lissafa ɓarna a Kitabul Farƙi, ta masu mulki ya jero: ƙwace dukiyar talaka, harajin zalunci, cin hanci.

Ba wanke ɗan bindiga muke yi ba, wanda ya kashe rai ya yi kisa. Sai dai bindigar da ke kafaɗarsa ba maƙerin ƙauye ya ƙera ta ba. Faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011 ta watsa makamai cikin Sahel. Akwai dillali, akwai mai kai fetur, akwai mai sayen shanun sata. Labarin da ya tsaya kan mai rawani da AK-47 rabin labari ne.

Kuma cikon yana da tsada. A Agustan 2022 hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan shirinta game da 'yan bindiga, haka ma kamfanonin da suka haska na BBC Africa Eye. Ɗan jarida na iya jin tsoro. Mai ƙagaggen labari yana da sararin da shi ba shi da shi: zai iya sauya suna da gari, ya bi kuɗin fansa daga hannun uban da ya sayar da gonarsa har aljihun ƙarshe.

Mai neman jigo a makon nan ya fara da yarinyar da ke jiran jirgi a bakin ruwa da igiyar ɗaurin itace a hannu. Nawa ne kuɗin fito, nawa ake sayar da ɗaurin, kuma wa ya ce wa matuƙin ya ƙara mutum biyar?