Katakon gida a Magariya da Dungas: wane itace za a sa wa zarto?

Duk wanda ya shiga rumfar kafinta a Magariya, ko Bande, ko Dungas, ya tambayi asalin katakon da ake aiki da shi, galibi amsa ɗaya zai samu: daga kudu ya zo. Daga dazuzzukan kudancin Najeriya ake ɗauko shi, ya ratsa Kano, sa'an nan ya shigo mana ta Babban Mutum ko ta Maigatari. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma lokacin takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasarmu daga 2023 zuwa Fabrairu na 2024, kowa ya ga illar dogara ga hanya guda. Shi ya sa tambaya ta taso: tun da gonakinmu sun cika da itatuwa, me zai hana mu tsaga namu, mu yi ƙofa da gado da teburin ƴan makaranta?

Tambayar tana da tushe. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman wannan yanki sun rungumi abin da ake kira sassaben zamani, wato idan ana sharar gona a bar tohon itace, a rage masa rassa, a kiyaye shi har ya girma. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa a Magariya da Matamaye da Mirya wannan aiki ya mamaye wajen hekta miliyan guda, kuma a wancan lokaci Dungas tana cikin Magariya, don sai a 2011 aka ba ta matsayin gunduma. Itatuwan da aka rena a shekarun nan yanzu sun yi kauri.

Amma jama'a masu karatu su lura: mafi yawan itatuwan nan gawo ne, shi kuwa gawo amfaninsa a tsaye yake. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tsare wa hatsi rana. Yana toho da rani, dabbobi su sha inuwa su bar taki a gindinsa, su kuma ci ƴaƴansa a lokacin da ciyawa ta ƙare. Kowane manomi ya san yadda gero ke yin kyau a ƙarƙashin gawo. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya aza hukunci mai tsanani a kan mai sare shi, dokar daji ta 4 ga Maris 1974 ita ma ta sa shi cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izini. Ban da haka, katakonsa mai taushi ne, ƙwari da gara suna shigarsa da wuri. Wanda ya kayar da gawon shekara talatin don ya yi banci ya sayar da takin gonarsa a kan abin da ba zai daɗe ba.

Itacen da ya dace da zarto shi ne bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro. Dangin maɗaci ne, katakonsa ja-ja ne mai ƙarfi, gara ba ta cika kusantarsa ba, kuma in an sare shi yana sake toho daga kututture. Mun dasa shi da yawa a bakin hanyoyi da kasuwanni da filayen makarantu tun da aka fara bikin dashen itace na 3 ga Agusta a 1975. Sai dai a gona yana cinye wa shuka ruwa da rana, don haka wurinsa shi ne gefen gari da kan iyakar gonaki. Ƙirya kuwa, wadda masassaƙa ke nema don turmi da ƙota, ta yi ƙaranci ƙwarai, a bar wa masassaƙan abinsu.

Saura aikin tsagawa, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Zarton inji mai sarƙa yana cinye kusan santimita guda a kowace tsaga, alhali zarto mai ɗamara, irin na masana'anta, ba ya wuce milimita biyu zuwa uku. A gungume guda, bambancin yakan kai falle ɗaya ko biyu da suka koma gari. Sa'an nan ɗanyen katako ba ya yin kujera. Dole a jera shi a inuwa, a sa ƴan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa, a shafe bakunansa da fenti, a ɗora masa nauyi, a jira watanni. In aka shanya shi a rana lokacin hunturu, samansa zai riga cikinsa bushewa, ya tsage ya kuma karkace. Na taɓa ganin ƙofar da aka yi da gaggawa haka: kafin damina ta zagayo, yaro na iya zura hannu ta tsakanin katakonta.

Ta fuskar doka an samu ci gaba. Dokar daji ta 8 ga Yuni 2004 ta maye gurbin ta 1974, kuma ƙudurin gwamnati na 30 ga Yuli 2020 ya amince cewa manomin da ya reni itace a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa. Abin da ya rage shi ne manomi ya san a sarari wane itace zai sare da kansa, wane ne kuma sai ya nemi takardar ma'aikatan kula da daji, da abin da zai biya. Ya kamata a fassara waɗannan ƙa'idodi da Hausa, a karanta su a azuzuwan yaƙi da jahilci da gidajen rediyon karkara. Magadan gari kuma, daga Wacha zuwa Dogo-Dogo da Malawa, suna iya farawa da ƙidaya tsofaffin bedin da ke hannun ƙananan hukumominsu, su fitar da adadin da za a sare kowace shekara, su ba kafintocin garin aikin teburan makaranta, da sharaɗin kada a karɓi tebur sai na katakon da ya kwana aƙalla rani guda a inuwa.