Sake Wayar Wuta Ba Aikin Ɗan Haya Ba Ne

Jama'a, akwai abin da ya yi yawa a gidajen hayarmu na Agege da Idi-Araba da unguwar Sabo a Ibadan. Wayar lantarki ta tsufa, robarta tana tsagewa, sai ɗan haya ya ɗauko filaya ya ce shi zai sake ta. Dalilin kuwa mun sani, tsoro ne kada a faɗa wa mai gida ya ƙara kuɗin haya.

To, waya mai lamba 1.5 ta ƙwan fitila ce. Soket ɗin dutsen guga da na hita sai mai lamba 2.5. Wanda bai sani ba sai ya ja siririyar ko'ina don ta fi araha. Ba ran nan za ta kama ba. Za ta yi ta zafi cikin silin har daren da aka kawo wuta kowa yana barci. Wani ma yakan yanke wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wai ba ta da amfani, alhali ita ke kai wuta ƙasa maimakon jikin mutum.

Ku tuna, gida mai ɗaki goma silinsa ɗaya ne.

Sake waya hakkin mai gida ne. In ya ƙi, 'yan haya su haɗa kuɗi su kira ma'aikaci mai takardar shaidar hukumar NEMSA, su kuma kai magana gaban Sarkin Hausawa a daidaita yadda za a cire kuɗin daga haya.