Tankar Yaƙi Ta Mutu? Haka Aka Ce Tun Zamanin Kurchevsky

Wani mai sharhin tsaro ya sake yi wa tankar yaƙi sallar jana'iza a gidan talabijin makon jiya. Wai jirgi marar matuƙi ya gama da ita a Yukiren, kamar yadda, in ji shi, bindigar da ba ta shuri ta gama da ita a yaƙin duniya na biyu. Mai gabatar da shirin ya gyaɗa kai. Babu wanda ya tambaye shi wace tankar, a wane fagen daga, da wane harsashi. Ni kuwa rabin maganar na biyu ne ya tsaya mini a wuya, domin ƙarya ce da aka daɗe ana yi wa ado.

Dabarar ba ta da wuya. Kowace igwa tana shurin baya idan ta tashi, shi ya sa ake ɗaura mata ƙarafa masu nauyi. Sai aka ce a buɗe gindinta, iskar albarushi ta fice ta baya daidai lokacin da harsashi ke fita ta gaba, ƙarfin biyu su kashe juna. Cleland Davis, hafsan sojan ruwan Amurka, ya gwada irin wannan kafin yaƙin duniya na ɗaya, yana harba ƙwayoyin dalma da maiƙo ta baya, aka ɗora bindigarsa a jiragen sama. To amma albarushin da ya tafi baya ba ya tura komai gaba. Ka sauke nauyin igwa, ka ɗauki nauyin ɓarnar albarushi. Wannan lissafin ne masu sharhinmu ba sa son ji, saboda ba ya kyau a hoto.

Su je su karanta labarin Leonid Kurchevsky. A Tarayyar Sobiyet ta shekarun 1930 ya shawo kan Mashal Tukhachevsky cewa igwarsa marar shuri za ta maye gurbin sauran. Aka zuba kuɗi. Aka ɗora ta a babbar mota, aka ɗora ta a jirgin sama, har wata ƙatuwa mai faɗin baki milimita 305 aka ɗora a jirgin ruwan yaƙi. Dubbai aka ƙera, suna cijewa, suna fashewa, harsashinsu ba ya nisa. A 1937 aka kama Kurchevsky, daga baya aka harbe shi, mai gidan nasa Tukhachevsky ma a 1937 ɗin aka harbe shi. Da tankokin Jamus suka tsallako a 1941, igwa mai shuri ta gargajiya ce ta tare su.

Jamusawan da ake yabo fa? Gaskiya sun fi iya ƙira. Bindigarsu LG 40 mai milimita 75 ta sauka da sojojin laima a tsibirin Kirit a 1941, kuma kwanson harsashinta na da faifan roba a gindi, wanda ke tarwatsewa ya buɗe wa iska hanya. Dabara mai kyau. Sai dai bindigar na cin albarushi ninkin-ba-ninkin abin da igwa irin girmanta ke ci, kuma a 1944, da albarushi ya yi wa Jamus ƙaranci, suka daina ƙera ta. Makamin da ya "gama da tanka" ke nan, masu shi sun ajiye shi ana tsakiyar yaƙi.

Suwidin ta fitar da tata a 1942, Carl Gustaf mai milimita 20, wadda soja ɗaya ke saɓawa a kafaɗa. Harsashinta na huda sulke mai kaurin milimita 40 daga nisan mita 100. Gaban tankar T-34 ta Rasha kuwa milimita 45 ne, kuma a karkace yake. Bindigar da furfura aka haife ta.

Amurkawa ne suka fi cika mana kunne, don su ke da Hollywood. M18 mai milimita 57 da M20 mai milimita 75 sun shiga yaƙi a 1945, kwanson harsashinsu cike da ƙananan huji don iska ta samu mafita. A Okinawa sun yi aiki sosai, amma kan kogunan duwatsu da maɓoyar masu bindiga mai jigida. Tanka fa? Ranar 5 ga Yulin 1950, kusa da Osan a Koriya, rundunar Laftanar Kanar Smith ta tari jerin T-34 na Koriya ta Arewa. Bindigogin milimita 75 suka harba, suka samu tankokin sarai, tankokin suka wuce abinsu. Waɗanda aka tsayar da fari, igwa mai milimita 105 ce ta tsayar da su, da harsasan huda sulke guda shida kacal da aka zo da su.

Dalilin ba sihiri ba ne. Tunda harsashin ba shi da gudun da zai fasa ƙarfe da ƙarfin tsiya, sai aka dogara da mazurarin jan ƙarfe da ke cikin kansa, wanda fashewa ke matsewa ya zama siririn tsinke mai ratsa sulke. Amma zanen da ke cikin bututun bindigar yana murza harsashi ya riƙa juyawa don ya tafi saiti, juyawar kuma tana watsa tsinken nan. Bututu na gyara saiti, yana ɓata huda. Turawan Ingila sun fi gaskiya: harsashin da Dennis Burney ya ƙirƙira wa bindigarsa, mai lanƙwamewa a jikin abu kafin ya fashe, don rushe katangar kankare aka yi shi tun farko.

Kuma tunda an taɓo Hollywood, bari in sauke abin da ke raina. Sau nawa za a nuna mana jarumi ya harba irin wannan bindiga daga cikin ɗaki, abokinsa na tsaye a bayansa yana murmushi? Wutar da ke fita ta baya tana ƙona mutum, tana tayar da ƙurar da ke nuna wa tanka daidai inda kake kwance. Daga waɗannan finafinan rabin masu sharhinmu suka yi digirinsu.

Na san za a kawo mini Abdul Hamid na Indiya, wanda ya lalata tankokin Patton na Fakistan a Asal Uttar a 1965 da bindiga mai milimita 106 a kan jif. Madalla. Wata bindigar ce daban, shekara ashirin bayan wancan yaƙin, da sabon harsashi, kuma a wurin ya kwanta dama. Za a kuma ce ai Carl Gustaf mai milimita 84, wadda ta fito a 1948, har yau tana aiki a Yukiren. Tana aiki mana, don an yi ta sauya mata harsashi: na sulke, na gini, na hayaƙi, na haskaka dare.

Rigimata da waɗannan mutane ta girmi wannan shirin. Su ne dai masu ƙirga mana ƙarfin soja da yawan bututun da aka jera a faretin ranar 'yanci, ba su taɓa tambayar harsashi nawa ke rumbu ba, wane iri ne, yaushe aka saye shi. A 1973 da makami mai linzami na Sagger ya ƙona tankokin Isra'ila a Sinai, nan ma an yi wa tanka jana'iza. Yau Folan na sayen tankokin Abrams daga Amurka da K2 daga Koriya ta Kudu, ɗaruruwa, ita da ke maƙwabtaka da yaƙin da aka ce ya binne tankar.