Bugun Sabon Shiga Ba Jarumta Ba Ce

Wasu tsofaffin hannu a wasannin intanet sun mayar da wulaƙanta sabon shiga kamar wata ƙa'ida ta wasa. Ina nufin irin wasannin da mutum ke ƙera jaruminsa, ya raɗa masa suna, ya shiga da shi wata duniya tare da dubban mutane, yana fatauci, yana yaƙi, yana hawa matsayi. Kuma da 'yan uwanmu Hausawa nake, na Kano da Kaduna da cikin garin Sakkwato, waɗanda in yaro daga Rabah ko Wurno ya shigo ƙungiyarsu ya yi tambaya ɗaya tak, sai a yi masa ca: “nub”, “ɗan ƙauye”, “je ka koyo tukuna”. Ku kira abin raha in kun ga dama. Ni zalunci nake kiransa.

Ku fara duba abin da yaron nan ya biya kafin ya iso gabanku. Wayarsa ta wuni a shagon mai caji, da kuɗi aka cika ta. Datar da ya saya ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Sabis ɗin kansa ba tabbas gare shi ba. Wasan Albion Online ya sauko kan wayoyin hannu a watan Yunin 2021, amma a watan Satumban wannan shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, saboda 'yan bindiga. Lokacin da na birni ke koyon wasa, wannan yaro ko kiran waya ba ya iya yi.

Bayan ya shiga kuma, wasan ba ya jin Hausa. Duk wani umarni da gargaɗi da Turanci yake zuwa masa. Manyan kwamfutocin da ke ɗauke da Albion suna Amurka da Singafo da Turai, kuma na Turan ma sai a 2024 aka buɗe. Saboda haka in ya danna sara daga Goronyo, sai umarnin ya je Turai ya dawo, kafin nan abokin karawarsa ya gama da shi. Ku da ke zaune kusa da dogon ƙarfen sabis kuna ganin rashin iyawa ne, alhali rabin abin nisa ne.

Ga inda ta'asar take. A Albion akwai yankuna masu aminci, akwai kuma ja da baƙi, inda duk wanda aka kashe za a kwashe kayan jikinsa kaf. Sabon shiga bai san wannan ba. Ya kwana bakwai yana saran itace yana haƙar dutse har ya sayi sulke da doki, sai wani ɗan yarensa ya ce masa, “Taho in nuna maka inda ake samun arziki.” Ya bi shi da zuciya ɗaya domin ya ji Hausa a bakinsa. Da sun ƙetare iyaka sai abokan wancan su fito su tuɓe shi. A ɗauki hoton allo a watsa a WhatsApp, a yi ta dariya.

Na san amsarku. Za ku ce haka wasan yake, doka ta yarda, kuma ku ma haka aka yi muku. Gaskiya ne doka ta yarda a kashe a kwashe. Amma kashe wanda kuka haɗu da shi a fagen yaƙi daban, yaudarar wanda ya amince da kai daban. Na farko wasa ne, na biyu cin amana ne, ko a waya ko a kasuwar Goronyo. Cewa kuma an yi muku, ai wanda ya ɗanɗani zafin abu shi ya fi cancanta ya hana shi.

Ƙasar nan ta san wasan jini tun kafin a ƙera waya. A fagen dambe yara ake fara sakawa su kara da sa'o'insu, manya sai can ƙarshe. Ɗan Anace ya wasa Shago ne saboda manyan mazajen da ya kayar. Da yara ƙanana yake bugu, da ba makaɗin da zai ɓata kalangunsa a kansa. Babban ɗan dambe yakan naɗa wa yaronsa zare a hannu, ya nuna masa tsayuwa, domin ya san ɓangaren da ba ya renon yara ba ya daɗewa a fage.

Haka ƙungiyoyinku suke. Mutanen Brazil da na Rasha suna shiga wasannin nan runduna guda, suna magana da harshensu. Hausawa nawa ne a ciki da har za mu riƙa korar masu shigowa? Duk yaron da kuka tuɓe ya goge wasan daga wayarsa, mayaƙi ɗaya kuka rasa a yaƙin gobe.

Abin da ake nema gare ku ba shi da yawa. Ku yi masa bayanin launin yankuna da Hausa, ko da saƙon murya na minti biyu ne. Ku ba shi tsofaffin kayan da kuka wuce matsayinsu. In ya daskare ana tsakiyar yaƙi, ku tambayi sabis ɗinsa kafin ku zage shi. Wanda kuma aka kama yana jan sabbi zuwa tarko, a kore shi daga ƙungiya, komai girman matsayinsa.

Kai kuma sabon shiga na Wurno, kada ka ɗauki kayan da kake tsoron rasawa ka fita da su, kuma kada ka ba kowa lambar sirrinka. Ka yi tambaya, ko za a yi dariya. Da koyo akan iya.