Laya a Cikin Kwalba

A 1914 William Wade Harris, mai wa'azi daga Laberiya, ya bi gaɓar tekun Kwaddibuwa yana sa mutane su ƙone layunsu da gumakansu kafin ya yi musu baftisma. Yau a Adjamé da Treichville, cikin Abidjan, waɗansu masu wa'azi sun komo da layar a cikin kwalba: man shafewa, ruwan albarka, kowanne da farashinsa. Mai bi ɗan Maraɗi ya saya, ya ɓoye a rumfarsa, wai ya sami ceto. Ƙarya ce! Yesu bai sayar wa Nikodimu kome ba, maya haihuwa ta Ruhu ya nuna masa. Bitrus ma tsauta wa Saminu mai sihiri ya yi, sa'ad da ya miƙo kuɗi domin baiwar Allah.