Ramar yara a Khartum da Omdurman bayan dawowar sojoji

Sojojin Sudan sun ƙwace Khartum daga hannun dakarun RSF a watan Maris na 2025, amma jikin jama'a bai murmure ba. Tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, iyalai da dama a Omdurman da unguwar Mayo, har da Hausawa, sun dogara da takaya, wato girkin sadaka na unguwa. Da Amurka ta dakatar da tallafi a farkon 2025, takaya masu yawa suka rufe. Ma'aikatan lafiya na auna damtsen yara: ƙasa da santimita 11.5 alamar tamowa ce mai tsanani. Yaran ba za su ciko ba sai dawa ta yi sauƙi, iyaye sun samu abin yi.