Tsohuwar Motar Alfarma a Ma'aunin Kimiyya

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake koyarwa a wata makarantar sakandare, ya yi takakkiya daga Kausani ta ƙasar Wudil ya same ni a ofis. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, shawara na zo nema. An yi mini tayin wata Marsandi babba, kujerunta na fata, komai nata na lantarki, kuma kuɗinta bai kai na ƙaramar Toyota ba. Shekararta ashirin da ƙerawa, amma in ka gan ta sai ka rantse jiya aka sauke ta daga jirgin ruwa." Niyyarsa ita ce ya riƙa zuwa aiki da ita, ya kuma riƙa shiga Kano inda yake ƙaro karatu.

Ni ba bakanike ba ne, malamin kimiyyar halittu ne. Amma tambayar tasa ta shafi abubuwa uku da muke koyarwa kullum a aji, wato ci, da tsufa, da dacewa da muhalli. Ra'ayina shi ne, ga mai albashi da ke zaune a wuri irin Kausani, tsohuwar motar alfarma ba ta dace da zirga-zirgar yau da kullum ba, sai fa in an cika wasu sharuɗɗa da zan ambata a gaba. Ga dalilaina.

Farashi yana faɗuwa, ciki ba ya raguwa

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya tambaya shi ne, me ya sa motar da attajiri ya saya da tsabar kuɗi masu yawa ta dawo araha haka? Amsa ita ce, waɗanda suka san ta sun san abin da take ci. Giwa irin ta dajin Yankari takan cinye abin da ya kai kilogiram 150 na ganye da ciyawa a yini guda. Ko da kyauta aka ba ka ita, cikinta yana nan yadda yake. Haka babbar mota take: nauyinta yakan kusa tan biyu, injinta mai silinda shida ne ko takwas, kuma duk wannan nauyi da fetur ake tura shi.

Bari mu yi lissafi irin na aji. Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne, zuwa da dawowa 80 ke nan. Mu ƙaddara babbar mota tana shan lita 15 a kowace kilomita 100, ƙarama kuma tana shan lita 7. A kowace rana babbar za ta sha lita 12, ƙaramar kuma lita 5.6. A kwanakin aiki 20 na wata, lita 240 ke nan a kan lita 112, bambancin lita 128. In muka ƙaddara lita ɗaya a kan Naira 900, bambancin ya haura Naira 115,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a shekarar 2024 Naira 70,000 ne. Wato rarar man da babbar motar za ta sha kaɗai ta fi albashin ƙaramin ma'aikaci nesa ba kusa ba.

A da, lokacin da gwamnati ke biyan tallafin mai, wannan lissafi bai cika damun mutane ba. Amma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. A watan Yunin 2023 ɗin ne kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Wannan shi ya sa manyan motoci suka yi araha a hannun dillalai. Masu su ne ke gudun su.

Yadda ƙarfe da roba ke tsufa

A shekarar 1825 wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Benjamin Gompertz ya nuna cewa haɗarin mutuwa ga baligi yana ƙaruwa ne ta hanyar ninkawa. A wurin ɗan Adam yakan ninka kusan duk bayan shekara takwas. Injiniyoyi ma sun lura da makamancin haka a na'urori: bayan wani lokaci na lafiya, lalacewa takan fara zuwa a jere, wannan na bin wancan. Sai dai jikin mai rai yana da wata baiwa da mota ba ta da ita. Jiki yana gyara kansa. Jajayen ƙwayoyin jininmu sukan yi kwana 120 su mutu, ɓargo ya ƙera sababbi. Fata takan sabunta kanta. Ƙashi in ya karye ya haɗe. Mota kuwa duk abin da ya gaji a jikinta sai an sa hannu a aljihu.

Abin da ya fi saurin gajiya shi ne roba da filastik: tiyo-tiyon ruwa, da bel, da robobin da ke toshe mai, da rigar wayoyin lantarki. Iskar oksijin da zafi su ke cin su a hankali har su bushe su tsattsage. Ɗaliban kimiyya sun san ƙa'idar nan cewa ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yakan kusa ninka saurin haɗuwar sinadarai. Motar da aka ƙera don sanyin Jamus, in ta zo ƙasar Kano inda zafin Afrilu ke kaiwa digiri 40, robobinta za su tsufa da sauri fiye da yadda za su yi a can. Ga kuma ƙurar hunturu mai shiga kowace kafa, tana toshe matatar iska, tana goge ƙarfe kamar yashi. Akwai ma wasu samfuran Mercedes-Benz na farkon shekarun 1990 da aka san su da marmashewar rigar wayoyin inji, abin da kan sa wayoyi su haɗu mota ta rikice.

Daɗin daɗawa, motar alfarma ta fi ƙaramar mota yawan sassa. Kujera tana da injin lantarki, gilashi yana da nasa, wasu ma a kan jakunkunan iska suke zaune maimakon sifirin, ga kwamfutoci da dama suna magana da juna. Mu ƙaddara kowane sashe yana da damar kashi 99 cikin 100 ta ya shekara lafiya. Na'ura mai irin waɗannan sassa 50 tana da damar kimanin kashi 60 ta ta shekara ba abin da ya lalace. Mai sassa 100 kuwa damarta kashi 37 ce kacal. Kowane abin jin daɗi da aka ƙara wa mota, ƙofa ce aka ƙara wa lalacewa.

Darasi daga karar Wudil

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya ga Bunaji, farar saniyar Fulani. Nononta bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na saniyar Turai mai suna Firiziyan, wadda ke ba da ninkin-ba-ninkin abin da Bunaji ke bayarwa. To, me ya hana makiyayanmu su koma kiwon Firiziyan? Saboda ita sai da inuwa, da ruwa mai yawa, da abinci na musamman, da likitan dabbobi a kusa. Zafi yana rage mata ci da nono, kaska da cututtukan da take ɗauke da su suna kayar da ita. Bunaji kuwa ta saba da rani, ta saba da doguwar tafiya. Abin da ya sa ke nan masana a Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, suka daɗe suna barbarar nau'o'in biyu don a sami mai nono da juriya tare. A kimiyyar halittu, ba a cewa wata halitta ta fi wata sai an faɗi a wane muhalli.

Muhallin mota shi ne hanya, da mai, da bakanike, da kasuwar kayan gyara. Motar alfarma an yi cikinta kusa da ƙasa don shimfiɗaɗɗen titi. Da zarar ka sauka daga kwaltar Kano zuwa Maiduguri ka shiga hanyar ƙauye a watan Agusta, sai ka ji cikinta yana gurzar ƙasa. Injinta yana son tsabtataccen mai da baƙin mai na musamman. In ta yi ciwo, bakaniken bakin titi ba zai gane ba sai an jona mata kwamfuta, kuma ƙila sai an ja ta zuwa Kano. A Ƙofar Ruwa ma, wani abin nata sai an aika Legas, wani sai an jira daga ƙetare. Malamin da motarsa ta yi sati uku a gareji, kuɗin haya zai biya a kan kuɗin gyara, ko kuwa ɗalibansa su zauna ba darasi.

Dubi kuma Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Ta yi shekaru tana mulkin hanyoyin Arewa saboda tana da tsawo daga ƙasa, ƙirarta mai sauƙi ce, kowane bakanike ya san cikinta, kayanta kuma suna kowace kasuwa. Ita ce Bunajin motoci a zamaninta. Yau ƙananan motocin Japan ne suka gaji wannan matsayi, bisa waɗannan dalilai.

Hayaƙi da huhu

Akwai wani ɓangare da ya shafi har wanda bai mallaki ko keke ba. Kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kimanin kilogiram 2.3 na iskar kabon-dayoksaid. Rarar lita 128 ɗin nan ta lissafinmu kusan kilogiram 300 ke nan a wata. Sa'an nan a cikin salansa akwai wata matata da makanikai ke kira indomi, mai ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, wadda aikinta shi ne rage dafin hayaƙi. Sau da yawa akan cire ta a sayar tun kafin mota ta iso hannun mai saye. In babu ita, iskar kabon-monoksaid takan fita da yawa, ita kuwa tana manne wa sinadarin himogulobin na jini fiye da yadda oksijin ke yi sau sama da 200. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kimanin kashi 40 cikin 100 nasu Afirka suka nufo, kuma da yawansu ba su cika ƙa'idar hayaƙi ba. Masu talla a bakin gadar Wudil da yaran da ke tsallaka titi zuwa makaranta su ke shaƙar wannan hayaƙi.

Hujjar masu so

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu son irin waɗannan motoci suna cewa sun fi kare rai in an yi haɗari, kuma akwai gaskiya a ciki. An sa wa babbar Marsandi birkin lantarki mai hana taya kullewa a 1978, aka kuma sa mata jakar iska mai kare direba a 1981. Amma kariya sai kayan suna aiki. Man birki yana tsotsar danshi in ya daɗe, taya tana bushewa ko da zanenta bai goge ba, kuma mai motar da mai ya cinye masa albashi shi ne ke jinkirta sauya su.

Suna kuma kafa hujja da ƙarkon tsofaffin Marsandi, irin samfurin W123 da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, wanda ya yi shekaru yana aikin tasi a Maroko, da W124 da 'yan Nijeriya ke kira Bi-but. Wannan ma gaskiya ne, amma yana ƙarfafa maganata ne. Abin da ya ba su tsawon rai shi ne sauƙin ƙira, da ƙarancin lantarki, da yawan makanikan da suka san su. Motar alfarma ta shekarun 2000 wata halitta ce dabam, ko da tambarin ɗaya ne.

Saura batun daraja a idon jama'a, wanda ba na raina shi. Sai dai Bahaushe ya daɗe da raba aiki tsakanin doki da jaki: doki na hawan salla, jaki na kai taki gona. Mai doki ya san sai da ɗan barga da harawa da dawa, ba ya kuma ɗora masa mangala kullum.

Shawara

Saboda haka, tsohuwar motar alfarma za ta iya dacewa da wanda ya cika sharuɗɗa huɗu: yana da wani abin hawan da zai dogara da shi in ta kwanta, tafiyarsa ta kullum gajeriya ce kuma a kan kwalta, akwai bakaniken da ya ƙware a irinta kusa da shi, kuma bayan ya biya kuɗinta yana da ajiyar da za ta ɗauki babban gyara ba tare da an taɓa abincin gida ba. Wanda ya rasa ko da ɗaya daga cikinsu, ya nemi ƙaramar motar da ta yi yawa a tashar garinsu, domin yawanta shi ne shaidar cewa ta dace da wurin.

Abin da na faɗa wa ɗalibin nawa ke nan. Na kuma ba shi aikin gida, wanda nake roƙon malaman lissafi da na kimiyya su gwada da ɗalibansu: kafin a yi ciniki, ya je Ƙofar Ruwa ya tambayo farashin abubuwa biyar na motar, wato famfon mai, da lagireto, da fitilar gaba, da robar birki, da kwamfutar inji, ya tambayo na ƙaramar motar ma, ya haɗa da kuɗin man shekara guda, sa'an nan ya ajiye jimillar kusa da takardar albashinsa. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da kimiyya ta ƙara a kai shi ne a auna yawan ruwan kafin a biya kuɗin rariyar.